Turakun Bara

A can ƙasar Tamil, inda tudu ya ƙare teku ya karɓa, an yi wani ɗan gari a zamanin da, ana ce masa Tirumanal. Ba babban birni ba ne, mutum zai ratsa shi daga ƙofar yamma zuwa gaɓa kafin tuwo ya huce. Amma yana da sarkinsa, yana da jiragen yaƙi shida a ɗaure cikin bakin kogi, yana kuma da haikali na dutse mai doguwar hasumiya wadda matuƙa ke hangowa tun suna tsakiyar ruwa. A cikin haikalin nan abin bautarsu yake, mutum-mutumi ne na tagulla, suna kiransa Angon Teku.

Sunan yana da dalili. Kakanninsu sun ce wani masunci ne ya jawo shi a cikin taru, ya rasa yadda zai yi da baƙon, sai ya kai shi bukkarsa ya ba shi 'yarsa. Tun daga ranar masunta suka zama surukansa. Duk shekara, idan watan da suke kira Masi ya cika, sai a ɗora Ango a karaga, ƙarti su saɓa, a kai shi unguwar masunta gaida surukai. Ɗan 'yar'uwar Sarkin Masunta ya zuba ruwa a wanke masa ƙafa, a ajiye masa kunun shinkafa da gishiri a ƙoƙon kwakwa, sannan a shiga da shi teku a yi masa wanka. Washegari masunta su fita share wa surukinsu hanya, wato su tumɓuke turakun gora na bara su kafa sababbi. Domin a bakin kogin akwai tudun rairayi kwance ƙarƙashin ruwa, hanya ɗaya ce tal jirgi ke bi ya wuce, kuma kowace damina sai ta sauya wuri. Ba mai gane inda ta koma sai masunta, su ma sai sun yi nutso sun laluba da hannu.

A zamanin Sarki Tirayan, wazirin garin shi ne Sendan. Mutum ne mai kaifin basira, ga baki, ga alƙalami, duk wasiƙar da ta shigo fada shi ke karanta ta a gaban Sarki. Abu ɗaya ke ci masa rai. Ubansa marubucin fada ne, amma uwarsa Nagammai 'yar masunta ce, ƙanwar Kaliyan Sarkin Masunta, uwa ɗaya uba ɗaya. Ta rasu yana ɗan shekara bakwai, uban ya ɗauke shi ya dawo da shi cikin gari, tun daga nan bai sake taka unguwar ba. Shekara talatin ke nan wani ake arowa ya zuba ruwan da shi ya kamata ya zuba. Kowa ya sani, ba mai faɗa. Shi kuwa in aka gifta da kwandon kifi ta gabansa har toshe hanci yake da gefen mayafi, mutumin da aka yaye shi da romon kifi.

A shekarar da muke magana gari ba lafiya. Sarkin tsibirin Ilandai ya ƙone garuruwa biyu na gaɓa, kowa ya san Tirumanal ce ta uku. Sendan ne ya ba da shawarar a nemi taimakon Sarkin Malaiyur, babban sarki na arewa, shi ya rubuta wasiƙar da hannunsa. Saura kwana biyar watan Masi ya cika sai ga jakadan Malaiyur ya iso, wani dogon mutum mai suna Kuttuwan, yana tafe ƙamshin turare na riga shi shiga ɗaki.

Aka yi zaman fada. Jakada ya tashi ya ce, "Ran Sarki ya daɗe. Ubangidana, mai giwaye ɗari, ya ji kukanku, ya kuma ce jirage goma ba za su gagare shi ba. Sai dai wata magana ta iso kunnensa wadda bai gaskata ba. An ce masa abin bautar Tirumanal yakan sauka daga haikalinsa ya je ya ci abinci a bukkar masu warin kifi. Ubangidana ya ce in zo in gani da idona. In ƙarya ce, jirage na nan tafe. In gaskiya ce, ba zai haɗa tutarsa da ta garin da bai san darajar kansa ba."

Yana faɗin warin kifi ya ɗan kalli Sendan, kallo ɗaya, ya ɗauke kai. Sendan ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi a wuya.

Da jakada ya fita, Sarki, wanda tsufa ya riga ya ci ƙarfinsa, ya dubi majalisa ya ce kowa ya faɗi abin da ke ransa. Sarkin Yaƙi Adigan, mutum ne da ba ya tauna magana, ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ban san sha'anin haikali ba, na Babban Malami ne. Abin da na sani, in Ango bai je gidan surukai ba, surukai ba za su kafa turaku ba. Jiragena kuwa ba fukafukai gare su ba."

Babban Malamin haikali ya ce shi dai bai taɓa jin shekarar da aka fasa ba, ko a shekarar annoba.

Sai Sendan ya gyara zama. In yana son abu, muryarsa takan yi laushi har mutum ya manta da abin da ya zo faɗa. Ya ce, "Ran Sarki ya daɗe, ya daɗe. Ba cewa na yi a kashe al'ada ba, cewa na yi a ɗage ta shekara ɗaya. Tafkin haikali ruwa ne, a yi wa Ango wanka a ciki, baƙo ya gani ya tafi. Turaku kuwa gora ce kawai. Daminar bana ba ta yi ƙarfi ba, ina rairayi zai je a shekara guda? Jirage goma ake mana tayi, Zaki. Kada mu mayar da su saboda ƙoƙon kunu."

Adigan ya ce, "Waziri ya fi kowa a nan sanin abin da rairayi ke yi a shekara guda, in ya so ya tuna."

Sendan ya yi kamar bai ji ba. Sarki ya daɗe yana kallon ƙasa, daga bisani ya ce a bi shawarar Waziri.

Washegari da hantsi Kaliyan ya shigo fada, kamar yadda Sarkin Masunta ke yi kowace shekara, ɗauke da farantin gayyata: kwakwa uku, farin ƙyalle, da ɗanyen ganyen nan da suke taunawa kamar yadda muke cin goro. Tsoho ne baƙi siriri, gishiri ya ci masa fatar hannu. Sarki ya ce ba ya jin daɗin jikinsa, don haka Sendan ne ya tarbe shi a zaure, jakada na zaune a gefe yana fifita.

Kaliyan ya durƙusa ya ajiye faranti ya ce, "Mun zo kiran surukinmu. Ɗaki a share yake, ruwa a tulu."

Sendan ya ce, "Bana Ango ba zai fito ba. Umarnin Sarki ne."

Tsohon ya ɗago kai a hankali. Ya duba fuskar Sendan kamar mai neman wani abu da ya ɓata, ya ce, "Ɗan Nagammai, kai ne ke faɗa mini haka?"

Fifitar jakada ta tsaya. Sendan ya ji sunan uwarsa ya cika zauren, ya ji dogarai sun daina motsi. Abin da ya fito daga bakinsa shi ne, "Waziri ake ce mini a nan, Sarkin Masunta. Ban san wata dangantaka tsakanina da kai ba sai ta talaka da fada."

Kaliyan ya ce, "To." Iyakar abin da ya ce ke nan. Ya miƙe ya fita, ya bar farantin a inda yake. Sendan ya sa aka ɗauke shi, amma da bawa ya tambaye shi ko a zubar, sai ya ce a kai ɗakinsa. Shi kansa bai san dalili ba.

Ranar biki aka yi wa Ango wanka a tafki, da kiɗa da bushe-bushe, jakada na ta gyaɗa kai. Da la'asar Sendan ya hau ganuwa don ya raka baƙon da ido, sai idonsa ya faɗa kan gaɓa. Matan masunta ne jere a kan rairayi da sababbin zannuwa, tukwanen kunu a gabansu, sun juyo da fuska wajen ƙofar gari. Tun safe suke nan. An faɗa musu ba za a zo ba, amma sun dafa. Ya tsaya har ya ga sun fara juye kunun a teku, tukunya bayan tukunya, sannan ya sauko yana ce wa kansa rana ce ta sa idonsa ruwa.

A ranar igiyar tutar haikali ta tsinke ba iska ba komai. Babban Malami ya zo ya faɗa, Sendan ya ce tsohuwar igiya ce, a sayo sabuwa. Washegari ba masuncin da ya fita da gora. Turakun bara suka ci gaba da tsayuwa a bakin kogi, tsuntsaye na sauka a kansu.

Wata ɗaya ya wuce, na biyu ya bi shi, ba jirgin Malaiyur ko ɗaya. Sendan ya aika wasiƙa uku, amsar duk ɗaya ce, wai ana shiri. Ana nan sai ga manzo a guje daga kudu, ƙafafunsa duk jini, ya faɗi gaban Sarki ya ce jiragen Ilandai ashirin sun tsaya shan ruwa a wani tsibiri, jibi da safe suna nan.

Adigan ya ce ba zai zauna a tarar da shi a ɗaure kamar akuya ba. Zai fita da jiragensa shida ya ɓuya bayan tsaunin kudu, in abokan gaba sun zo ya faɗo musu ta baya. Ya dubi Sendan ya ce, "Waziri ya ce rairayi bai tafi ko'ina ba. Yau za mu gani."

Gari duka ya fito kan ganuwa. Aka buga tambari, jirage suka jeru suka nufi tsakanin turaku, ruwa cike, iska na bayansu. Na farko, na Sarkin Yaƙi, yana cikin gudu sai ya tsaya cak kamar an riƙe shi ta ƙasa. Na biyu ya zo ya dake shi. Na uku ya karkata don ya kauce, igiyar ruwa ta same shi ta haƙarƙari ta kifar da shi. Sauran ukun da ƙyar suka ja da baya. Mutane sanye da sulke suka riƙa zuba cikin ruwa, sulke kuwa ba ya iyo. Sendan yana tsaye yana jin kukan mata na tashi daga wannan kusurwa ta ganuwa zuwa waccan, kowace ta gane jirgin da nata yake ciki.

Waɗanda suka fara isa wurin masunta ne. Ba wanda ya kira su. Suka tura kwale-kwalensu cikin raƙuman ruwa suka yi ta tsamo mutane, masu rai da marasa rai, suna jerawa a kan rairayi. Arba'in da uku ne ba su tashi ba. Da suka gama suka koma bukkokinsu.

Aka shigo da Adigan fada a kan ƙyaure, hannunsa a karye. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi sauƙi. Cewa ya yi, "Waziri, gora ce kawai." Ya juya fuskarsa bango.

Sendan ya faɗi gaban Sarki ya kasa ɗaga kai. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ni na kashe su. Na san rairayi na tafiya, tun ina goye na sani. Ba don jirage goma na yi magana ba. Kallon da baƙon nan ya yi mini na kasa ɗauka."

Sarki ya ce, "Kai ka faɗa, ni na yarda, laifin namu ne mu biyu. Amma ni ƙafata ba za ta kai ni gaɓa ba. Taka za ta kai ka. Tashi."

Sendan ya shiga ɗakinsa ya cire rawani da sarƙar wuya, ya ɗauko farantin nan. Ganyen ya bushe ya yi baƙi, kwakwar ta fara tsagewa. Ya ɗora a ka ya fita ta ƙofar gabas da ƙafa, ba dogari ba laima. Hanyar da ya shekara talatin yana kauce mata ashe ba ta kai taku ɗari biyar ba. Warin kifi ya tarbe shi, da hayaƙi, da wani ƙamshin tsamiya da ya tuna masa da bayan uwarsa. Mata suka riƙa leƙowa suna janye 'ya'yansu daga hanya.

Ya tarar da Kaliyan zaune gindin kwakwa yana ɗinkin taru. Ya durƙusa ya ajiye faranti ya ce, "Kawu."

Tsohon bai ɗago ba. Ya ce, "Wa ake nema, ranka ya daɗe? Nan talakawa ne."

Sendan ya matso kusa. Ya ce gari zai ƙone jibi, ya roƙi a fita a nemo hanya ko sauran jirage uku sa samu fita. Kaliyan ya ci gaba da ɗinki har ya kai ƙarshen layi, ya ciji zare, sannan ya ce, "Kana tsammani fushi ne ya hana mu? Mutum arba'in da uku na jera da hannuna yau, wasu na san iyayensu. Na aika wa Sarkin Yaƙi sau biyu kada ya bi turakun nan, aka tsayar da ɗan aikena a ƙofar Waziri, aka ce an hana masunta shiga fada." Sendan ya runtse ido, don shi ya ba da wannan umarni, gudun kada a sake kiran sunan uwarsa a zaure. Kaliyan ya ce, "Hanyar nan ta Ango ce. Shi muke share wa, ba Sarki ba. Mutanena ba za su yi nutso a wurin ba sai ya zo ya ci kununsu, don sun yarda wanda ya shiga ba da izninsa ba ba ya fitowa. Ko na ce su shiga ba za su shiga ba. Ka kawo mana surukinmu."

Babban Malami da farko ya ƙi, ya ce watan Masi ya wuce, ba a taɓa fitar da Ango a wani wata ba. Sarki ya aiko masa cewa ba a taɓa hana Ango fita ba ma, amma an yi. Sai wata matsala ta taso. Ƙarti goma sha shida ke ɗaukar karaga, bakwai daga cikinsu suna kwance a kan rairayi an lulluɓe su. Aka nemo masu sayar da mai, da maƙera, da wani mai wanki, aka rasa mutum ɗaya. Sendan ya tuɓe mayafinsa ya sa kafaɗa ƙarƙashin sandar gaba.

Washegari da sassafe suka fito. Ba kiɗa sai katantanwar teku ɗaya da ake busawa. Tagulla ba wasa ba ce, kafin su kai ƙofar gabas sandar ta sale masa fata, jini na bin ƙirjinsa. Mutanen gari suna tsaye gefen hanya suna kallon Wazirinsu, wata mata da mijinta ya nutse ta tofa yawu a gabansa, ya taka ya wuce.

A ƙofar bukkar Kaliyan aka sauke karaga. Masunta duka sun taru, maza da mata, bayansu kuma mutanen gari har kan ganuwa. Aka kawo tulu. Kaliyan ya tsaya ya ɗaga murya yadda na nesa zai ji, ya ce, "Surukinmu ya zo, ya makara amma ya zo. Al'ada ta ce ɗan 'yar'uwata ne zai zuba ruwa. Wanda muke arowa yana cikin waɗanda suka je ceto jiya, ƙafarsa ta karye. Ni kuwa an faɗa mini a fada, a gaban baƙo, cewa ba ni da ɗan 'yar'uwa. To wa zai zuba?"

Sendan ya gwammace a ce ya sake ɗaukar karagar sau goma. Ya fito tsakiyar fili. Muryar nan tasa mai laushi ta ƙi fita, sai wata busasshiya. Ya ce, "Ni ne. Ni ne Sendan ɗan Nagammai, 'yar masunta. A bukkar nan aka haife ni. Na ji kunyarta tana kabari, ita da ba ta taɓa yi mini komai ba sai alheri."

Wata tsohuwa daga cikin mata ta fashe da kuka. Kaliyan ya miƙa masa tulu ba tare da ya kalle shi ba, ya ce, "Da hannu biyu ake riƙewa. Ka manta."

Kafin rana ta take, masu nutso sun gano hanyar, ta koma arewa da nisan jifa uku. Amma Kaliyan bai bari an kafa turke ko ɗaya a kanta ba. Ya je gefen shimfiɗar Adigan suka yi shawara. Ya ce abokan gaba za su ga gawar jirage a bakin turakun bara, za su san nan ba hanya, za su nemi sababbi. To a ba su sababbi. Da la'asar masunta suka tumɓuke tsofaffin, suka kafa ɗanyar gora shar a kudu, layi biyu kyawawa, suka ɗaura musu fararen ƙyallaye irin na biki. Tsakanin layukan nan, in ruwa ya janye, ko yaro ba zai nutse ba.

Gari na wayewa jiragen Ilandai suka bayyana, ashirin cif, da jajayen tutoci. Suka tsaya, suka duba, suka ga tarkacen jirage a can, ga sababbin turaku a nan, suka kwararo a jere da ganguna. Ruwa kuwa ya fara janyewa. Goma sha ɗaya ne suka shiga kafin na gaba ya kafe, na baya suka yi ta hawa kansa. Sai aka busa katantanwa. Kwale-kwale sama da ɗari suka fito daga bayan itatuwan gaɓa, kowane da tukwanen man kifi da wuta, jiragen Tirumanal uku kuma suka fito ta hanyar da ba turke, masunci tsaye a goshin kowane yana nuni da hannu, suka zagayo ta baya. Sendan yana kwale-kwalen kawunsa, ba takobi aka ba shi ba, ƙoƙon kwashe ruwa aka ba shi, ya kuwa yi ta kwasa. Zuwa azahar hayaƙi ya rufe bakin kogi. Jirage tara da suka rage a waje suka juya, ba su ko tsaya ɗaukar nasu ba.

Da yamma aka yi zaman fada, karo na farko da Sarkin Masunta ya zauna a ciki. Aka kawo shugaban jiragen Ilandai a ɗaure, aka ciro wata wasiƙa ta ganyen giginya daga ɗamararsa. Sarki ya miƙa wa Sendan, don shi ke karatu.

Sendan ya gane hannun tun kafin ya karanta. Na Kuttuwan ne, jakadan Malaiyur, zuwa ga Sarkin Ilandai. Ya fara karantawa: an yi yadda aka shirya, Angonsu bai je gaɓa ba, masunta ba za su kafa turaku ba, jiragensu shida sun zama kamar babu, rabon Malaiyur shi ne tashar jirage. Fada ta ɗauki guna-guni. Saura layi ɗaya. Sendan ya gan shi, ya kuma san ba wanda zai duba ganyen bayansa, idon Sarki ya mutu, Adigan da Kaliyan ba su iya karatu ba. Zai iya naɗewa ya ce ta ƙare.

Ya karanta. "Aikin bai yi wuya ba. Wazirinsu yana jin kunyar uwarsa, da wannan igiyar na ja shi."

Ya naɗe ganyen, ya zare zoben waziranci daga yatsansa ya ajiye a gaban Sarki. Ya ce, "Ranka ya daɗe, baƙon da ya kwana biyar a garin nan ya fi ni sanin amfanin al'adar gidan uwata. Ban cancanci wannan ba. Hukunci na Sarki ne."

Sarki ya dubi Adigan. Adigan ya ce shi arba'in da ukunsa ba za su dawo ba ko an sare kai ko an bari. Sarki ya dubi Kaliyan ya ce, "Yau kai ka ceci gari, Sarkin Masunta. Kai aka fi ɓata wa. Me za a yi da shi?"

Kaliyan ya ce, "Ran Sarki ya daɗe. Turakun ƙarya na nan a tsaye, na gaskiya ba a kafa ba, gobe jiragen 'yan kasuwa za su zo. Ina da gora sittin da za a kai bakin ruwa, masu ɗauka sun gaji. Na ga yana da kafaɗa. A ba ni shi."

Sarki ya ɗauki zoben ya rufe a tafin hannunsa, ya ce an ba shi.

Suka fito tare, tsohon a gaba, Sendan a baya. A ƙofar gabas matan waɗanda suka nutse suna zaune a jere da gashi a warware, alamar makoki, ba yadda za a yi a wuce sai ta gabansu. Sendan ya rage tafiya. Kaliyan bai waiwayo ba, ya ce, "Kada ka sunkuyar da kai, ɗan Nagammai. Ka dube su ɗaya bayan ɗaya, ka san fuskokinsu. Duk kifin da ka kama daga yau, gidajensu zai fara zuwa."

Sendan ya ɗago kai ya fara daga ta farko.